Bankin da Aka Rataye a Ƙusa

A layin da shagonta yake ba mai kiranta da sunan yanka. Anti Babu ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Shekara ashirin da shida tana taka keken ɗinki, kuma duk wanda ya tsaya a bakin ƙofarta ya fara sosa ƙeya, kafin ya gama gaisuwa ta riga ta ba shi amsa. "Babu." Ko kai ba ta ɗagawa daga kan allura.

Masu cewa rowa ce su je su taka keke yini ɗaya tukuna, su ji yadda ƙugu ke kuka da yamma, sannan su dawo a yi magana. Idan namiji ya riƙe abin da ya sha wuya ya samu, sai a ce mutum ne mai tsari. Idan mace ce, sai a laƙaba mata suna.

Shagon ɗaki ɗaya ne, faɗinsa taku huɗu, tsawonsa shida. Baƙin keke mai ƙafa yana bakin taga saboda haske. Akwai teburin yanka da ƙafarsa ɗaya ke tsaye a kan murfin gwangwani, da dutsen guga, da buhun ƙyallaye, da madubi mai tsaga wanda ke raba mace gida biyu ya ƙara wa rabin ƙasa ƙiba. A bangon ƙurya kuma ƙusoshi ne a jere, kowace ɗauke da kayan da masu su suka kawo suka manta. Kowane tela yana da irin wannan bangon.

Ba da babu aka haife ta ba. Lokacin da ta yi aure hannunta a sake yake, kuma mijin yana aiki a wata maɗaba'a. Maɗaba'ar ta rufe shekara goma sha biyar da suka wuce, shi kuwa tun daga ranar yake nazarin kasuwa. Ciyaman ake kiransa, domin duk muƙamin da ba shi da albashi a unguwar shi ke riƙe da shi: shugaban kwamitin yashe kwata, shugaban iyayen yara na makarantar da 'ya'yansa suka gama tuntuni, shugaban masu sa ido kan fitilar layi. Ba mugu ba ne. Ba ya zagi, ba ya ɗaga hannu. Hanci kawai Allah ya ba shi mai jiyo ƙanshin kuɗi ta bayan bango, da kai mai haifar sabuwar sana'a duk sanda hancin ya jiyo.

Ajiyarta ta farko a gwangwanin maɓallai ta yi. Ciyaman ya gano ta, ta koma zomaye goma sha biyu, waɗanda suka haƙa rami a wata na biyu suka bi ta ƙarƙashin katanga, ba su ko yi sallama ba. Ta biyu a cikin matashin kai. Wannan ƙanenta Auta ne ya zo ya yi ta kuka a kan babur ɗin haya da zai saya ya tsaya da ƙafarsa, kuma har yau da ƙafar tasa yake yawo. Ta uku ta ce ta yi wayo, ta je banki. To a lokacin ba ta da waya, da aka nemi lamba sai ta bayar da ta maigida. Duk ranar da ta zuba wani abu, aljihun Ciyaman ne ke yin ƙara. Kafin ta dawo daga layin banki yana zaune a shago ya harɗe ƙafa, da takarda da biro, ya zana injin yin ƙanƙara.

Abin da ya juya ta shi ne ziyarar da ta kai wa matar da ta koya mata ɗinki. Tsohuwar ta yi shekara arba'in a kan keke, ta ɗinka wa rabin gari, ta ciyar da dangi kaf. Ido ya mutu, keke ya tafi a biyan magani, ta koma zaman kusurwa a gidan ɗanta. Da Anti ta tashi tafiya, tsohuwar ta riƙo mata zane, ta jawo ta kusa, ta ce da murya ƙasa-ƙasa don kada surukarta ta ji, "'Yar nan, ko kina da na sabulu?"

Anti ta ba ta. A hanyar dawowa ba ta yi kuka ba, haushi ne ya cika ta har wuya. Ta wuce kai tsaye wurin mai shagon da take haya, ta tambaye shi nawa zai sayar da ɗakin in ya tashi sayarwa. Ya yi dariya ya faɗi wani adadi. Ta rubuta shi a zuciya. Ranar da ido ya gaji, in ji ta, za ta sa wani a shagon ya riƙa biyanta haya, ta sayi sabulunta da kanta.

Saura wurin ajiya, kuma a makon ne Allah ya kawo Akawu.

Akawun wani ofishi ne, siriri, mai tabarau da magana ɗaya-ɗaya. An ce za a tura shi kwas wata ƙasa mai sanyi, sai ya sayo kwat na gwanjo, baƙi, dogo har gwiwa, mai shafi mai santsi a ciki. Hannun ya yi masa tsawo, ya kawo a rage. Kafin mako ya zagayo aka ba surukin shugaban ofis kwas ɗin. Akawu ya yi fushi da duniya, bai dawo ba. Kwat ya hau ƙusa ta uku.

Wata rana tana kaɗe masa ƙura ta ji yadda shafin ya rabu da jikin kwat ɗin, akwai fili a tsakani, ta tsaya tana kallonsa kamar an yi mata wahayi.

Daga ranar ta kafa wa kanta doka. Kowane aiki ta yi, ko zif ta sa, ko kalmasa ta yi wa wando, kashi ɗaya cikin goma ba nata ba ne, na tsohuwar da za ta zama ne. Tana cire shi kafin kuɗin ya ga hasken rana. Ƙarshen mako ta canza ƙananan takardu zuwa babba a wurin mai sayar da zare, ta naɗe ta a ƙyalle mai laushi don kada ta yi ƙara, ta farke shafin daga ƙasa, ta ɗinke ta a gidanta da ɗinkin hannu mai kyau, layi bayan layi. Ta fara da baya. Da baya ya cika ta koma ƙirji, sannan kafaɗu. Ta cusa kafur a aljihunan har warinsa na sa mutum atishawa daga bakin ƙofa. Wannan warin ne ya kashe hancin Ciyaman. Shekara da shekaru in ya zo shago bayan azahar, a ƙarƙashin ƙusa ta uku yake ajiye kujera, ya jingina kai da kwat ɗin ya yi barci.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba za a ɓoye ta ba: Akawu ya dawo. A shekara ta biyu ya leƙo, ta ce masa ba a gama ba, ya dawo mako mai zuwa. A shekara ta biyar ya sake leƙowa, ta ce saura kaɗan, mako mai zuwa. Ya dube ta ta saman tabarau ya tafi. Ta ɗauka ya haƙura har abada.

A shekara ta tara ramin allura ya fara yi mata wasan ɓuya. Ta daure, ta daure, ranar da ta ɗinka wa wata malamar asibiti aljihu a baya sai ta yarda ta je a duba ta. Da safe ta bar Ciyaman a shago saboda wata da za ta zo karɓar riga.

"Ledar da ke kan tebur za ka ba ta, Malam. Ita kaɗai. Kada ka taɓa komai."

"Ni da nake riƙe da kwamiti uku, leda ɗaya ce za ta gagare ni?"

A asibiti aka ɗiga mata magani, aka haska ta, likita ya rubuta mata tabarau, ya ƙi yi mata alkawarin komai game da gaba. Ta dawo wajen sha ɗaya, duniya duk ta yi mata hazo saboda maganin. Ta shiga shago ta dubi ƙurya kamar yadda take yi kullum kafin ta ajiye jaka. Ba ta ga baƙin abu ba. Ta ce maganin ne. Ta taka har bango, ta ɗaga hannu ta lalubo. Ƙusa ta ɗaya, riga. Ta biyu, siket. Ta uku, ƙusa.

"Malam, ina kwat ɗin nan?"

Ciyaman ya gyara zama, fuska cike da annuri. "Yau na yi miki abin da ya gagare ki shekara tara. Mai shi ya zo, na sauke na ba shi. 'Yarsa da ke aiki a ƙasar waje ce ta aiko masa da tikiti. Na karɓi kuɗin aiki, na rage masa kaɗan saboda jinkiri, na sha shayi. Ga canjinki."

Ya ajiye mata 'yan tsabar kuɗi uku a kan tebur.

Anti ta zauna a kan buhun ƙyallaye. In ta yi ihu zai tambayi dalili, kuma dalilin shi ne abin da ta shekara tara tana rantsuwa babu shi.

"Lafiya, Maman yara? Ko likitan ya faɗi wani abu ne?"

"Ban gama hannun ba."

"Ya gwada a gabana, ya zauna masa ɗas. Har yabonki ya yi."

Abin haushin, hannun da aka kawo a rage ko sau ɗaya ba ta taɓa shi ba. Cikon da ta yi wa kafaɗu ne ya janye shi sama.

"Yaushe zai tafi?"

"Jibi."

Ta miƙe. Ba ta san gidan Akawu ba, kuma ko ta sani, da wannan idon ba za ta iya tsallaka titi ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san gidan kowa a unguwar, kuma shi ne mutumin da ba ta so ya bi ta. Haka ta riƙe wa Ciyaman gefen riga suka tafi, yana gaisawa da mutane a hanya yana gaya musu zai raka iyali wani ɗan aiki.

Sun sami Akawu a falo, tsakar rana, sanye da kwat ɗin har wuya, duk maɓallan a rufe. Fanka na juyawa a kansa, gumi na bin bayan kunnensa yana ɗiga a kwala. Yana kai da kawo daga ƙofa zuwa talabijin. Matarsa, wata doguwa mai ƙaramar murya da manyan idanu, tana durƙushe tana jera kaya a akwati.

"Sabawa yake yi," in ji matar bayan an gaisa. "Tun ɗazu nake cewa ya cire kafin ya dahu."

"Ba ki san sanyin can ba," Akawu ya ce. Ya juyo ga Anti. "Malama tela, na yafe miki. Da na yi niyyar ba zan ƙara yi miki magana ba, amma aiki ya yi kyau. Ashe auduga kike ƙara masa duk shekarun nan. Ji nauyi." Ya bubbuga ƙirjinsa. Anti ta ji bugun a nata ƙirjin, domin daidai wurin ne ɗinkin shekara ta huɗu yake kwance.

"Yallaɓai, akwai ɗan abin da ban ƙarasa ba a hannun. Ka ba ni shi zuwa yamma."

Ya miƙe hannuwa biyu gaba. "Me ya same su?"

"Zaren na wucin gadi ne. Zai warware a hanya."

"Ya warware. 'Yata tana da allura."

"To gaskiya allurar ce ma. Na manta allura a ciki. Babba."

Akawu ya sandare a inda yake, hannuwa a buɗe kamar mai shanya. Matarsa ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bar shi ta soke shi, ko ya cire."

"A ina take?" ya tambaya, leɓe kawai ke motsi. "Nuna wurin ki zare ta a nan."

"Sai an kai shago, an shimfiɗa a tebur."

"Malama, in na cire kwat ɗin nan na miƙa miki, jikokina ne za su karɓa. Mako mai zuwa, kika ce. Na ba ki shekara uku. Mako mai zuwa, kika sake cewa. Na ba ki huɗu. Ni akawu ne, ina rubuta kwanan wata. Kwat ɗin nan ba zai ƙara kwana a hannun tela ba, ko da takobi ne a ciki."

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Anti ta sauya dabara.

"To sayar mini da shi. Ya tsufa, Yallaɓai, an daina yayinsa. Zan ba ka ninki biyu, ka sayi sabo."

Ciyaman, wanda tun shigowarsu yake nazarin akwatin talabijin, ya juyo a hankali. Hancinsa ya buɗe.

"Ninki biyu, Maman yara? Da wane kuɗin? Ba jiya na tambaye ki na aski kika ce ko na zare ba ki da shi ba?"

Ta dubi mijinta, ta dubi kwat ɗin. Gaba kura, baya sayaki. In ta yi shiru, jibi shekara tara za su hau jirgi su tafi ƙasar da ba ta ko iya faɗin sunanta ba. In ta yi magana, kafin magariba duk dangi sun ji, har waɗanda ba su da waya. Ta tuna hannun tsohuwar nan a kan zanenta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"'Yar'uwa," ta ce wa matar Akawu, "ara mini reza."

"Me za ki yanka?" in ji Akawu.

"Ka ce ba za ka cire ba. To juya."

Ta durƙusa a bayansa. Ido ba ya gani sosai, amma yatsun da suka yi ɗinkin sun san hanyarsu. Ta kama bakin shafin, ta ja reza sau ɗaya. Wani ɗan ƙunshin ƙyalle ya faɗo tsakanin ƙafafun Akawu. Na biyu ya biyo shi. Ta farke layi na gaba, sai ga su suna zubowa uku-uku, huɗu-huɗu, Akawu na tsaye hannuwa a buɗe yana saka su kamar kaza. Matarsa ta ɗauki ɗaya ta warware. Ta dubi abin da ke ciki, ta dubi mijinta, ta zauna daɓas a cikin akwatin da take shiryawa, dariya ta hana ta numfashi.

Ciyaman bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya taɓa ƙunshi ɗaya da ɗan yatsa, kamar mai duba ko yana da rai.

"Shekara tara," ya ce a hankali. "Shekara tara ina ɗora kaina a kan wannan. Shi ya sa barcin wurin ya fi na gida daɗi."

Sai a lokacin Akawu ya fahimci abin da ke fita daga jikinsa. Ya fizge maɓallan, ya tuɓe kwat ɗin ya yar kamar ya ga kunama.

"Baiwar Allah, kin san abin da kika so ki ja mini? A filin jirgi suna da na'urar da ke ganin har abin da mutum ya ci. A tare ni, a farke ni a gaban jama'a, in ce me? In ce tela ce? Shekara talatin da biyar ina aiki ko biro ban taɓa kaiwa gida ba."

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai."

"Kuma me ya hana ki banki, kamar sauran mutane?"

Ta nuna Ciyaman da reza. "Tambaye shi. Wayarsa ce ke kuka in na zuba." Ta miƙe tsaye, gwiwoyi na ƙara. Tun da asiri ya riga ya tonu, sai ta zazzage sauran. "Ba na kowa ba ne, ban sata ba, ban ci bashi ba. Ƙuguna ne wannan da idona. Shagon nake so in saya. Ina gani matar da ta koya mini aiki tana roƙon kuɗin sabulu a ɓoye, bayan ta ciyar da mutum talatin. Ni ba zan roƙa ba. Wanda ya ga dama ya kira ni marowaciya har kabari."

Matar Akawu ta daina dariya. Ciyaman ya yi gyaran murya.

"Ai ba wanda ya ƙi ta taki, Maman yara. Sai dai kuɗi ba ya son zama. Akwai wata harka ta kiwon kifi a cikin tanki, in aka sa ko rabin wannan, kafin wata shida..."

"Malam," in ji matar Akawu da 'yar muryarta, "in ka ƙara cewa kifi a falon nan, da tsintsiya zan raka ka."

Akawu kuwa hali ya motsa. Ba ya iya ganin takarda a warwatse. Ya zauna a ƙasa da singileti, ya warware ƙunshin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su sahu-sahu, ya rubuta jimla a bayan ambulan ɗin tikitinsa. Ya tambaye ta nawa mai shagon ya ce. Ta faɗa da alfahari, domin ta san ta kusa.

"Yaushe ya faɗa miki haka?"

"Shekarar da ka kawo kwat."

Ya cire tabarau ya goge. "Malama, kwat ɗin ne ya yi ƙiba, kuɗin ramewa suka yi. Zaren da kike saya a shekarar, nawa ne yau?"

Ta san farashin zare fiye da sunayen jikokinta, kawai ba ta taɓa haɗa shi da abin da ke rataye a ƙusa ba.

"Ko ma mene ne," in ji matar Akawu tana zazzage jakar hannunta a kan kujera, "kada kuɗin nan su kwana a gidanku. Tashi mu je wurin mai shagon yanzu, kafin kifi ya ji labari."

Su huɗu suka tafi, matan a gaba da jaka a tsakaninsu, Akawu da ambulan, Ciyaman a baya yana cewa shi ya kamata ya yi magana a matsayinsa na maigida. Mai shagon yana da wurin sayar da siminti a bakin titi. Ya saurare su yana kaɗe hula, sannan ya faɗi farashin yau. Abin da ke cikin jakar rabi ne da 'yan kai.

Anti ta ji kamar ta kama takardun nan ta mare su ɗaya bayan ɗaya. Ta hana kanta nama, ta hana kanta sabon takalmi, ta sha baƙin jini a wurin dangi, su kuwa suna kwance a cikin kafur suna narkewa ba su ko yi tari ba.

A nan Akawu ya biya kuɗin ɗinkinsa na gaskiya. Ya jawo benci ya zauna, ya fara magana ɗaya-ɗaya kamar yadda ya saba, har mai siminti ya gaji ya fara gyaɗa kai. Mutumin yana da motar kaya da ta kwana biyu a gareji tana jiran inji, kuma kuɗi a hannu ya fi alkawari. Aka tsaya a kan rabi yau, sauran a biya wata-wata a madadin haya har shekara biyar, farashi ba ya motsi ko siminti ya koma zinariya. Akawu ya rubuta, ya karanta da ƙarfi sau biyu, ya ce gobe a kai wa lauya ya buga hatimi kafin shi ya tafi. Da aka zo sa hannu Ciyaman ya miƙo hannu zai karɓi biro.

"Layin shaida yana ƙasa," in ji Akawu. "Na sama na mai kuɗi ne."

Da yammar ranar Anti ta cika kwat ɗin da soso a falon Akawu, yana tsaye a kanta kamar mai gadin jarrabawa. Ya saka, ya zagaya, ya ɓata fuska.

"Na ɗazu ya fi ɗumi."

"Ai kuɗi ne, Yallaɓai. Ba abin da ya kai su."

Washegari daga ofishin lauya ta biya kasuwa ta sayi 'yar waya ta hannu, mai maɓallai manya, ta wuce banki ta buɗe asusu da lambarta. Ta sa yarinyar da ke kan teburin ta maimaita mata lambar sau uku. Kashi ɗaya cikin goma yana nan daram, gida kawai ya sauya.

Ko da ta iso shago, Auta na zaune a bakin ƙofa, ya sha wanka, ya zo da lemo guda biyu a leda. Rabonsa da kawo mata wani abu tun yana makarantar firamare.

"Yaya, ashe haka Allah ya yi da ke, ba ki faɗa wa na gida ba. Ni ba da yawa nake nema ba. Akwai wani babur..."

"Ka makara da kwana ɗaya." Ta buɗe ƙofa, ta ɗauki alli a kan tebur, ta sunkuya ta ja layi a ƙasa daga bango zuwa bango, daidai tsakiyar ɗakin. "Ka ga daga nan zuwa taga? Kuɗin ke nan. In za ka iya ciro bulo ɗaya ka kai wa mai babur, bismilla. Sai dai ka bar mini wanda ke riƙe da rufi."

Auta ya dubi bango, ya dubi lemonsa. Ya ajiye ɗaya, ya tafi da ɗaya.

Ciyaman ya shigo bayansa, fuska a ɗaure tun jiya, ya jawo kujera zuwa bakin taga inda iska ke shigowa.

"Nan rabina ne, Malam," ta ce tana sa sabon tabarau. "Wata sittin ke gabana, kuma idon nan ba shi da tabbas. Wanda zai zauna a rabina zai riƙa zura mini zare a allura."

"Ni? Shugaban kwamiti uku?"

"To ga rabin mai siminti can. Ba ruwana da wanda ya zauna a ciki."

Ya ɗauki kujerarsa da mutunci, ya tsallaka layin alli, ya ajiye ta a ƙurya. A can dutsen guga yake, kuma ba taga. Ta kunna dutsen, domin akwai kayan makaranta guda takwas da ke jiran guga, ta koma ta hau keke. Ya yi fifita da takardar kwamiti. Ya cire hula. Ya buɗe maɓallin wuya. Wajen sha biyu da rabi ta ji ƙarar ƙafar kujera tana jan ƙasa, kaɗan-kaɗan, har ta tsaya a gefen keke.

"Wane launi?" ya ce, bai dube ta ba.

"Shuɗi. Ka lashi bakin zaren tukuna."